Arzika Mai Wasa da Goron da Na Ƙi Karɓa

Ina cikin fadama ina ban ruwan albasa, hantsi bai gama ɗagawa ba, na hango Tunau makaɗi tafe ta kan kunya, kafaɗarsa babu ganga. Fiye da shekara talatin na san Tunau, ban taɓa gamuwa da shi a hanya babu gangar nan ba. Ya tsaya daga nesa ya yi sallama, na amsa. Ya ce, "Labbo, aje gugan ga. Arzika ya riga mu gidan gaskiya, yau da asuba." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ƙarasa juye ruwan da ke cikin gugan, tun da an riga an jawo shi, na wanke ƙafa, na bi bayansa zuwa Horo Birni.

Zan faɗi abin da idona ya gani a wurin jana'izar, wanda zai ji haushi ya ji. Mutumin da in ya kafa zanarsa a kasuwar Bodinga masu awo ke kife mudu su taho, mahauta su bar wa ƙuda nama, sahu uku ya samu, na ukun ma bai cika ba. Na duba ban ga telolin Shagari da ke barin rumfa saboda shi ba. Ban ga fataken albasa da suka sha riƙe ciki suna hawayen dariya ba. An ce wai wasu nauyi suka ji, kada a gan su bayan gawar mai wasa. Ranar da suke dariyar nauyin bai kama su ba.

Da aka ajiye makara, kafin a ta da kabbara, liman ya juyo ya fuskance mu kamar yadda aka saba yi a wajenmu. Ya ce, "Jama'a, bawan Allah ga ya gama nashi. Kun san sana'atai, kun san harshenai ya taɓa mutane da dama. Duk wanda yat taɓa, shi dubi Allah shi yahe mai." Sahu ya ɗauka, "Mun yahe, Allah shi yahe muna baki ɗaya." Muryar da ta fi kowace tashi ta Gado ce, maƙwabcin gonata, wanda za ku ji labarinsa nan gaba.

Ni ban ce ba. Bakina a rufe aka yi salla, a rufe aka kai shi, a rufe aka mayar da ƙasa. Tunau yana kafaɗa da ni a sahu, ya ji ban ce ba. Dalilin wannan takarda ke nan. Ni ban zauna gaban allo yadda za a faɗa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban sani ba. Wani tela ne a Bodinga ke rubuta mini, na kuma gaya masa in ya gyara mini magana ko ɗaya zan gane in an karanta.

Tun ina da ƙarfina na fara ganin Arzika, a Dandin Mahe, wata shekara bayan an gama kaka. Wasu na ce masa ɗan kama, wasu ɗan gambara, shi kuwa cewa yake shi mai wasa ne kawai. Kayan aikinsa ba su fi ɗaukar jaki ɗaya ba: zana guda da sanduna biyu na kafa ta, tsohon rawani, riga mai faci, zanen mata, da wata ƙwarya da ya shafe da farar ƙasa. Ba ya farawa sai an sallame la'asar, kafin a kira magariba kuma ya naɗe zanarsa. Sai ya shiga bayan zanar nan, Tunau ya ɗauki kiɗa, ya fito wani mutum daban. Ba rigar ce ke sauya shi ba. Wuya ne, da gwiwa, da inda yake ajiye ido. Kowane wasa da waƙarsa, shi ya bayar, mu mu amsa.

Wanda bai ga wasan Bature a rangadi ba bai ga Arzika ba. Ya kifa farar ƙwaryar nan a ka, ya fito yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta ɓata masa ƙafa, yana korar ƙudan da babu. Shi ne Baturen, shi ne tafinta, shi ne mai gari, yana tsalle daga wannan wuri zuwa wancan. Bature ya tambaya ko talakawa na jin daɗi. Mai gari ya durƙusa ya jero fara, da rijiyar da ta rufta, da samarin da aka kwashe aikin hanya ana tsakiyar shuka, har numfashinsa ya ƙare. Tafinta ya juya ya faɗi kalma biyu. Bature ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya rubuta a tafin hannunsa. Na ga dogari da idona ya juya baya yana dariya cikin hannun riga. Akwai kuma mai allurar shanu da bijimi ya kora har saman rumbu, Tunau ne bijimin. Akwai ango gidan surukai, yunwa na cinsa, an ajiye masa tuwo, kunya ta hana shi ci, sai da aka ba da baya ya cusa loma mai zafi, surukinsa ya dawo ya fara doguwar gaisuwa. A wannan na taɓa faɗuwa kan tallan wata mai ƙosai, aka yi mini faɗa, ban ji ba.

Na bi shi Bodinga, na bi shi Shagari, na bi shi Kajiji da ƙafa. Na san inda ake tsayawa: hagu da Tunau, don daga nan ne kake ganin fuskarsa tun kafin ya gama fitowa daga bayan zana, lokacin da rabinsa Arzika ne rabinsa wani. Matata, Allah Ya jiƙanta, takan ce ko a hayin Kwara ya kafa zana sai na nemi jirgi. Samarin yanzu sun koma taruwa gaban akwatin garmaho na wani ɗan kasuwa, suna sauraron muryar mutumin da ba su gani, wai su nan suna shan wasa. Allah Ya kyauta.

Mutane sun san dariyarsa, kaɗan ne suka san ƙa'idarsa, ita ce kuwa mutumin. Ba ya kwaikwayon kowa daga nesa. Yakan ce, "Ba ni kwaikwayon mutumin da ban ci tuwonai ba." Sai ya je ya zauna da kai kwana biyu ko uku, ya taya ka aiki, ya ji yadda kake tari da yadda kake kiran ɗanka. Kuma akwai waɗanda ba ya taɓawa. Wata rana a Kajiji jama'a suka dame shi ya yi musu wani mai sayar da igiya da ke da i'ina, mutumin kuwa yana tsaye a wurin. Arzika ya ce, "Abin da Allah yay yi ma mutum ba ni taɓa shi. Abin da mutum yay yi ma kainai, wannan nawa na." Suka ƙi bari. Ya tuge sandunansa, ya naɗe zana, ya ɗaure wa jaki, rana tana sama, ko anini bai samu ba. Na raka su har bakin gari ina zagin mutanen Kajiji, shi yana ba ni haƙuri.

Babbar ƙa'idar ita ce ta goro. Duk wanda ya fito da shi a wasa karo na farko, washegari da safe zai je ƙofar gidansa da goro ɗaya a cikin ganye. In mutum ya karɓa, wasan ya rayu, za a kai shi kasuwa kasuwa. In ya ƙi, an binne wasan ke nan, da waƙarsa da kiɗansa, Tunau ma ba ya sake taɓa wannan take. Yakan ce, "Wasa na mai shi na, aro nika yi." Akwai wani malami mai son walima da ya fito da shi yana ja wa almajiransa baƙi idonsa na kan akushi. Malamin ya karɓi goro, kasuwa ta gaba ya zo ya zauna a gaba, yana gyara masa yadda yake naɗe hannun riga kafin ya sa hannu a miya.

To, ga nawa labarin.

Fadamar da nake nomawa gadon ubana ce. Iyakarta da ta Gado wata babbar tsamiya ce, kowa ya sani. Shekarar da sunana ya fito a aikin hanya na yi wata biyu ina ɗaukar marmara a ka. Da na dawo na tarar kunyar Gado ta tsallake tsamiyar, ta shigo har wani suri da ke tsakiyar wurina, ta cinye inda ruwa ya fi kwanciya. Na kai wa mai garinmu. Ɗiyar Gado tana aure a gidansa. Na kai gaban alƙali, ya ce in kawo shaidu. Tsofaffi uku ne suka san iyakar tun zamanin ubana. Ɗaya ya ce idonsa ya yi rauni, ɗaya ya ce ya manta, ɗaya ya tafi ganin dangi ranar zama. Gado ya rantse, aka tashi.

Ban yi shiru ba. Shekara biyu ina faɗi, a wurin suna, a ƙofar masallaci, a rumfar wanzami, a gaban wanda ya zo sayen albasa bai tambaye ni komai ba. Har ya zama in an hango ni sai a sake hanya. Na sani, ni ba mahaukaci ba ne. Amma wurin ubana ne.

Ana nan sai ga Arzika a fadamata. Kwana uku ya yi. Ya taya ni jan ruwa, ya sa na nuna masa tsamiyar, na nuna masa surin, ya tambayi sunayen tsofaffin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Bai katse ni ba ko sau ɗaya, bai yi hamma ba. Na yanka masa kaza. Na san ƙa'idarsa kamar yadda na san hanyar gidana, na san abin da zamansa da mutum ke nufi, amma wallahi ban kawo a raina ba. Na ɗauka a ƙarshe an samu mutum ɗaya da ya zo don ya ji.

Da kaka ta zo kurkunu ya fito mini a ƙafa, na kwanta a zaure ba na ko iya taka ƙofa. A cikin kwanakin nan ya yi wasa a kasuwar Shagari, shi ne wasansa na farko da ya wuce ni tun da na san shi. Washegari da sassafe wasu masu wucewa suka tsaya gaban jakina da ke ɗaure a ƙofar gida, ɗaya ya durƙusa ya ce da jakin, "Ranka shi daɗe, ina da ƙara!" Suka tafi suna tuntsira dariya. Kafin hantsi na haɗa labarin. Arzika ya fito da irin karyar hulata, da yadda nake buga bayan hannu a tafi in ina magana, yana kai ƙara daga mai gari zuwa mai tallan fura, daga nan zuwa turmi, daga turmi zuwa jaki. Duk kasuwa na amsawa:

Labbo na da ƙara,
Ya kai ma mai gari, mai gari na barci,
Ya kai ma jaki, jaki na kiwo,
Labbo na da ƙara.

Ina cikin wannan sai ga sallamarsa. Ya shigo zaure ya tsuguna, ya ce, "Ƙaƙa ƙahwa, Labbo?"

Na ce, "Ƙahwa ta hi ka mutunci."

Ya ajiye goro a cikin ganye kusa da tabarmata. Ya ce, "Ka san abin da yak kawo ni."

Na ce, "Ka ci kazata, ka sha hurata, kat tahi Shagari kas sai da ni. Gonar ubana kam mai da abin dariya."

Ya ce, "Ba ka gani ba. Wanda yab ba ka labari bai ba ka duka ba. Karɓi goron ga, ka warke, ka zo Bodinga ka tsaya inda kas saba tsayawa. In ka gani ba ka so, ni da hannuna za ni bizne shi."

Na ce, "To hwaɗa mani abin da ban ji ba."

Ya ce, "Wasa ba a ba da labarinai, Labbo. Kai ka hi kowa sani. Gani akai."

Na sa sanda na ture goron har ya gangara waje. Ya bi shi ya ɗauka, ya hure ƙasar, ya mayar cikin ganye. Ya ce, "Naka na. An bizne." Ya yi mini addu'ar samun sauƙi ya fita.

Bai sake yin wasan ba. Duk wanda ya zo zai ba ni labarinsa na ɗaga masa sanda. Yara in sun fara waƙar a hanya, ba sa wuce baitin jaki nake watsa su. Da sannu ta mutu. Amma kowace shekara in an gama kaka sai ya zo ƙofata da goro cikin ganye. Ya ce, "Ga goro." In ce, "Koma da abinka." Ya tambayi albasa, ko tsutsa ta taɓa ta, ko fatake sun zo da wuri, ya tafi. Sau goma sha ɗaya. Na ƙarshen a kan jakin aro ya zo, yana tari, wuyansa ya zama kamar kara. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na ba shi ruwa. Goron ban karɓa ba.

Kada wani ya ɗauka na bar zuwa kallo. Da shi nake fushi, wasan bai yi mini komai ba. Sai dai na bar hagun Tunau na koma can baya wajen masu hatsi, ina rufe baki da jelar rawani don kada a ga ina dariya. Yanzu ake gaya mini duk kasuwa na gani.

Ranar sadakar uku na koma Horo Birni. Aka yi addu'a, aka raba waina, jama'a suka watse, saura ni da Tunau a gindin bangon zaure. Tunau ya ce, "Na ji ka ran jana'iza."

Na ce, "Ban ce komi ba."

Ya ce, "Shi nij ji. Labbo, kai tsoho na, ni tsoho na. Arzika ya hana ni magana shina da rai, yanzu ba shi nan. Za ka zamna ka ji, ko za ka ɗauko sanda?"

Na zauna. Gidan makoki ne, ba a waƙa, don haka da magana ya faɗa mini, yana ɗan taɓa gwiwarsa da yatsa inda kiɗan yake faɗuwa. Ya ce bayan jaki akwai saura. In an gama dariyar jaki, sai kiɗa ya sauka ƙasa. Shi Tunau ya tsaya tsakiyar fili riƙe da reshen tsamiya bisa kai, Labbon wasa ya zo ya durƙusa gabansa, ya cire hula. Daga nan babu tsalle, babu karya wuya.

Ya kai ma tsamiya, tsamiya tac ce:
Nan ubanka yab bar ni, ban gusa ba.
Ku tambayi suri wa yak kai mai iyaka,
Ku tambayi tsohin da sunka sani sunka yi kurum.

Sannan Arzika ya kira sunayen tsofaffin nan uku, ɗaya bayan ɗaya, cikin waƙa, kasuwa tana amsawa, biyu daga cikinsu suna zaune a wurin. Tunau ya ce ɗaya ya ja rawani ya rufe fuska, ɗaya ya tashi ya bar takalmansa. Gado ya sulale ta bayan rumfunan mahauta. Kafin su gama naɗe zana mai garinmu ya aiko a ce wa Arzika kada a sake jin waƙar nan. Arzika ya ce da manzon, "Gai da mai gari. Wasan ga na Labbo na, shi kaɗai ka iya hana shi." Niyyarsa ya kai shi Bodinga, ya kai shi Dandin Mahe, ya dawo da shi Shagari, har zama cikin mutane ya gagari tsofaffin nan sai sun je sun faɗi abin da suka sani.

Tunau ya ce, "Abin da mai gari yak kasa, kai kay yi mai shi da sanda, kana kwance."

Sai a lokacin na gane dalilin da rabin waƙar kaɗai ya iso ƙofata. Mutanen Gado jaki suka riƙe suna yawo da shi. Masu tsoron mai gari suka haɗiye tsamiya. Waɗanda suka zo su gaya mini kuwa ni na kore su. Sai a lokacin kuma na gane abin da Gado ke yafewa da babbar murya a sahu.

Ban bar gardama nan take ba, ba halina ba ne. Na ce, "To don mi bai buɗe baki yah hwaɗa mani ba? Shekara goma sha ɗaya!"

Tunau ya ce, "Na ce mai hakanan, ba sau ɗaya ba. Yac ce in ya zayyana maka don ka karɓa, to ba wasan kak karɓa ba, gona kak karɓa. Shi so shikai ka gani ka yi dariya, da jakin da komi, kamar yadda kowa yay yi. Cewa shikai, 'Labbo ya san wasa. Ran da yag gani ba ya bukatar bayani.'"

Har yau ina ganin a nan ya yi taurin kai. Da ya faɗa, da an huta. Na gaya wa Tunau haka, ya dube ni ya ce lalle yau ya ji wanda ke kiran wani mai taurin kai.

Tsofaffin nan uku duk sun mutu. Ɓangaren fadamar da aka cinye mini yana hannun Gado da ɗiyansa, ba kuma zan sake kai ƙara ba, don babu wanda zan kira. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne duk wanda ya tsaya a Shagari ran nan yana cewa Arzika bai taɓa yin wasa kamarsa ba, ni kuwa da na bi shi shekara talatin, ni da aka yi wasan domina, ni kaɗai ne ban gani ba. Tunau ya ce in ina so, bayan arba'in zai gwada mini yadda aka yi. Na ce ya bari. Tunau makaɗi ne, ba ya iya wuyan.

Muna cikin haka Hajo, matar marigayin, ta yi gyaran murya daga cikin zaure, bayan asabari, tana cikin takaba. Ashe duk tana ji. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Na ce, "Hajo, ko ya bar wata magana a kaina?"

Ta ce, "Malam Labbo, in yahewa kaka nema, shi bai taɓa riƙe ka ba balle shi yahe. In ya dawo daga wurinka cewa shikai, 'Bana ma bai karɓa ba, amma albasatai ta yi kyau.' Ni ce ban yahe ba. Bara na riƙe mai riga nic ce kada shi tahi, ƙirjinai ba shi ɗaukar hanya. Yat tahi. Tun da yad dawo bai ƙara kafa zana ba."

Na yi mata sallama, na tashi.

Daga nan na wuce wurin liman, na same shi yana alwalar azahar. Na tambaye shi ko yafewar da aka yi bayan an rufe mutum tana isa gare shi. Ya ce tana isa, Allah ba Ya bukatar a faɗa a sahu. Ya ƙara da cewa da na faɗa tare da jama'a da ya fi. Wannan na sani, ba shi na zo tambaya ba.

Don haka ga shi ina faɗa, kuma ina so a karanta a Bodinga, a karanta a Shagari, inda aka yi dariyar. Ni Labbo mai albasa, na yafe wa Arzika mai wasa na Horo Birni. Na yafe hular, na yafe turmin, na yafe jakin. Na yafe masa rufe bakin da ya yi. In akwai wani abu tsakanina da shi da za a tsayar da shi a kansa gobe, na sauke, duniya da lahira. Waɗanda suka ji nauyin bin gawarsa kuma su sani, mutumin da suka guda ya tsaya gaban kasuwa ya faɗi gaskiyar da dattawa masu rawani suka kasa faɗi gaban alƙali.

Allah Ya jiƙan Arzika, Ya gafarta masa abin da harshensa ya yi kuskure, Ya ba shi ladan duk wani mai baƙin ciki da ya koma gida da sauƙin zuciya saboda shi. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanyaya masa makwanci, Ya sa ya amsa tambaya da sauƙi. Allah Ya ba Tunau haƙurin rashin abokin tafiya. Allah Ya rufa wa ɗiyansa asiri, Ya haɗa kansu, kada Ya bar su ga kowa sai gare Shi. Allah Ya ba Hajo dangana, Ya fitar da ita takaba lafiya. Haƙƙinta ne ta riƙe ni, ba zan ce ta yi sauri ba. Roƙona ɗaya, Allah Ya sa ta fi ni saurin hucewa, don ni ba na jin ina da shekara goma sha ɗaya a gaba. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.